Sauya Turbo a Motocin Gudu da Kuɗi Kaɗan

Turbo na'ura ce da ke amfani da ƙarfin hayaƙin da inji ke fitarwa ta juya farfela, farfelar kuma ta juya wata farfelar da ke cusa ƙarin iska cikin injin, don ya ƙona mai da yawa ya ƙara ƙarfi. Injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar wannan fasaha a 1905. Ta fara shiga ƙananan motoci a Amurka a 1962.

Yadda take lalacewa

Farfelu biyu ne a kan sanda ɗaya, kuma sandar kan yi juyi fiye da 150,000 a minti guda, tana shawagi a kan siririn baƙin mai. Shi ya sa yawancin lalacewarta daga mai take farawa: ƙarancinsa, dattinsa, ko toshewar bututun da ke kai shi. Alamun su ne shuɗin hayaƙi daga salansa, ƙara mai kama da jiniya, raguwar ƙarfi, da shan baƙin mai fiye da kima.

Misalin Audi S4

Audi S4 samfurin B5, da aka fara ƙerawa a Jamus a 1997, tana da injin V6 mai lita 2.7 da turbo biyu ƙirar K03. Wurin da suke ya matse har ya sa galibi sai an sauke injin kafin a kai gare su, don haka ladan makanike babban kaso ne na kuɗin aikin. Masu wannan mota kan sauya duka biyun a lokaci guda ko da ɗaya ce ta mutu. Wasu kan ɗora ƙirar K04 ta Audi RS4, amma wannan na buƙatar sake saita kwamfutar injin.

Hanyoyin rage kuɗi

Hanya ta farko ita ce sauya ƙwaryar tsakiya kaɗai, wato sanda da farfelu da mazauninsu, a bar tsofaffin gidajen farfelun in ba su tsage ba. Ta biyu ita ce kai tsohuwar ga ƙwararru su sabunta ta, su daidaita nauyin farfelun a kan na'ura. Ta uku ita ce sayen ta hannu, bayan an duba ko sandar tana girgiɗi. Kwaikwayon da ba a san maƙerinsa ba ya fi araha, sai dai in ya mutu da wuri, ladan aiki ya zama ninki biyu.

Kowace hanya aka bi, wajibi ne a gano abin da ya kashe ta farko, a sauya bututun mai da mai da filta, a zuba mai a cikin sabuwar kafin a tayar da inji. Turbo da aka ɗaura a kan toshasshen bututu ba ta daɗewa, komai tsadarta.