Tarihin Da Ke Bayan Ganuwa

'Yan makaranta in sun zo Zariya, ba abin da su ke ɗoki sai ganin ganuwa, da Dutsen Kufena, da masallacin da Babban Gwani ya gina. Madalla. Amma mu a ganinmu ana yi wa Sabon Gari da Samaru rowar ziyara.

Ku fara da tashar jirgin ƙasa. A 1911 dogo ya ratsa Zariya ya nufi Kano, shi kuwa ya haifi Sabon Gari. Can bayan birni Turawa suka zaunar da akawuna da leburori da fatake, Yarbawa da Ibo da Nufawa. Daga tashar nan wani ɗan siririn dogo ya tashi zuwa Jos saboda kuza, aka daina binsa a 1957.

Sa'an nan ku miƙa Samaru, inda aka kafa gonar gwaji a 1922, aka yi ta gwada irin auduga da gyaɗa da dawa. Nan aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. In kun shiga, ku roƙi izinin ganin ɗakin kayan tarihi, ku duba tsofaffin tukwane da gatarin aradu, watau gatarin dutse na mutanen da.