Littattafan Soyayya Na Kirista A Amurka

Jama'a, ga ɗan bayani a kan littattafan soyayyar da 'ya'yanmu mata ke arowa daga laburare, waɗanda ake kira na Kirista.

Janette Oke, 'yar ƙasar Kanada, tana cikin waɗanda suka share wa wannan fanni hanya da littafinta Love Comes Softly, wanda kamfanin Bethany House ya buga a 1979. Labari ne na wata matashiya da mijinta ya rasu, ta auri wani manomi bisa larura, daga baya ƙauna ta shiga tsakaninsu.

Akwai kuma labaran ƙananan garuruwa inda kowa ya san kowa. Misali shi ne At Home in Mitford na Jan Karon (1994), a kan wani limamin coci a jihar North Carolina.

Idan na ga masu sharhi sun ce littafi "mai tsabta" ne, nufinsu babu batsa ko ashar. Amma addu'a da wa'azin Kirista suna nan cikin labarin. Kuma ba dukansu ne suka dace da yara ba. Redeeming Love na Francine Rivers (1991) labarin wata ce da aka sayar cikin karuwanci tun tana ƙarama.

Shawarata ga iyaye, Musulmi da Kirista, ita ce ku karanta bayan littafin, ku leƙa cikinsa, sannan ku tattauna da yarinyar.

Allah ya shirya mana zuri'a.