Sarkin da ya nemi zinariya, ya ƙare da tangaran

A gidan tarihi na Victoria and Albert da ke Landan, can ƙarƙashin ƙubbar ɗakunan kayan yumɓu, akwai wani katafaren zobe na alminiyam mai jan fenti, an jera kayan tangaran guda 425 a cikinsa. Aikin Edmund de Waal ne, maginin tukwane ɗan Ingila, an kafa shi a 2009. Masu sassaƙa da yawa a yau suna son haɗa ƙarfe da tangaran wuri guda, kuma dalilin na kimiyya ne: kowannensu da irin tarbar da yake yi wa haske.

Ƙarfe cike yake da elektiron da ba a ɗaure suke da wata ƙwayar zarra ba, yawonsu kawai suke yi. Haske na sauka a kansa sai su mayar da shi, ko kusa da kaurin silin gashi ba ya kutsawa. Shi ya sa gogaggen ƙarfe ke zama madubi. Tangaran kuwa haɗin farin yumɓu ne da ake kira kawolin, da dutsen felsfa, da kwaz. In zafin tanderu ya kai wajen digiri 1,300, felsfa sai ya narke ya zama gilashi, ya toshe ƙofofin da ke jikin yumɓun, wasu ƙananan lu'ulu'u masu siffar allura su tsiro a ciki. Haske yakan shiga, ya yi ta karo da su yana watsuwa, sannan ya fito da taushi. Ka kara fitilar wayarka a bayan kofin tangaran marar kauri, za ka ga jikinsa ya ɗauki haske. In bai ɗauka ba, to, sunan tangaran kawai yake ci.

Sinawa sun fi shekara dubu suna wannan sana'a, garin Jingdezhen ya zama cibiyarta. Kalmar kawolin ma daga Gaoling ta fito, wani tudu kusa da garin. Turawa suna saye da tsada, sun kasa gano sirrin. Cikin masu sayen babu kamar Agustus Mai Ƙarfi, sarkin Saksoni a ƙasar Jamus ta yau. A 1717 ya miƙa wa sarkin Furusiya sojojin doki 600, aka ba shi kayan tangaran 151. Mutane fa, da ransu, a bakin tuluna.

Irin wannan sha'awa tana cin kuɗi, shi kuwa Agustus ga yaƙi. Sai ga wani saurayi, Johann Friedrich Böttger, ya gudo daga Berlin a 1701 saboda labari ya bazu cewa yana iya mayar da ƙarfe mai arha zinariya. Agustus ya kama shi ya tsare, ya ce sai ya yi. Ina! Shekaru suka shige, babu ko ƙwaya.

Wanda ya juya akalar aikin shi ne Ehrenfried Walther von Tschirnhaus, masanin lissafi. A ganina shi ne ya fi cancantar yabo a labarin nan, ko da yake sunan Böttger ya fi tashi. Tschirnhaus ya daɗe yana ƙera manyan madubai na jan ƙarfe masu siffar kwano, da tabarau masu tara hasken rana wuri guda, suna ba da zafin da tanderun Turai na lokacin ke wahalar kaiwa. Da su ya riƙa gasa ƙasa da duwatsu iri iri, yana duba wanne ke narkewa, wanne ke jurewa, me ke faruwa in an gauraya su. Wato ƙarfe mai mayar da haske ne ya taimaka aka gane hanyar yin abin da haske ke ratsawa. Ɗaya daga cikin madubin nan yana nan a Dresden har yau.

A watan Janairu na 1708, bayanan ɗakin gwajinsu sun nuna an sami abu fari mai ratsa haske. Tschirnhaus ya rasu a Oktoban wannan shekara, bai ga buɗe masana'antar Meissen a 1710 ba. Turawa suka riƙa kiran tangaran farar zinariya. Böttger kuma bai sami 'yancinsa ba sai 1714, ya mutu a 1719 yana da shekara 37.

A ƙarnin nan ne kuma 'yan kasuwar Paris suka shiga yi wa tulunan Sin baki da hannu da gindi na tagulla mai ruwan zinariya, don su ƙyalla a hasken kyandir. Ana kwaɓa zinariya da zaiba, a shafa, a gasa har zaibar ta tashi. Tururin nan ya lalata lafiyar maƙera da dama.

Abin lura shi ne, daga wancan zamani zuwa na de Waal, ba a gasa tangaran tare da irin waɗannan ƙarafa. Alminiyam na narkewa a digiri 660, zinariya a 1,064, jan ƙarfe a 1,085, duk ƙasa da zafin da tangaran ke bukata. Baƙin ƙarfe zai jure, amma tangaran na tsukewa a wuta da fiye da kashi goma cikin ɗari, ƙarfen kuma ba ya bin sa, sai a ji ƙas, ya tsage. Ko ruwan zinariyar bakin kofi sai an sake gashi na dabam a wuta mai sauƙi, wajen digiri 800. Don haka dole mai sassaƙa ya gama kowanne shi kaɗai, sannan ya haɗa su da sanyi: ya jingina, ya ɗaure, ko ya ajiye su gefe da gefe. Haka de Waal ya yi a gidan tarihi na Frick a New York a 2019, inda ya jera siraran kayan tangaran da faifan ƙarfe da zinariya cikin akwatunan gilashi, a ɗakunan da aka rataye tsoffin zanen Turai.