Daga Ciyarwa zuwa Kare Haƙƙi: Nauyin da ke kan Shugabannin Addini game da 'Yan Gudun Hijira

Rikicin Boko Haram da ya ɓarke a 2009 ya raba mutane fiye da miliyan biyu da gidajensu a yankin Tafkin Chadi. A wurare da dama, masallatai da majami'u da gidajen talakawa ne suka riga gwamnati buɗe musu ƙofa. Bayan Mubi ta faɗa hannun 'yan ta'adda a Oktoban 2014, Bishop Stephen Dami Mamza ya sauki dubban mutane a harabar majami'ar St. Theresa da ke Yola, kuma a 2021 ya kammala gina wa waɗanda suka rage gidaje 86 a Sangere-Marghi, har da masallaci domin Musulmin cikinsu. Aiki irin wannan abin yabo ne. Sai dai matsayin wannan maƙala shi ne, cibiyoyin addininmu sun ƙware wajen ciyarwa da tufatarwa, amma muryarsu takan yi rauni a ranar da hukuma ta take haƙƙin ɗan gudun hijira, alhali kare wannan haƙƙi yana cikin tushen koyarwarsu.

A Musulunci, ba da mafaka hukunci ne mai ƙa'idoji, wanda malaman fiƙihu suka tattauna a babin aman. Aya ta 6 ta Suratut Tauba ta umarci a ba wa mushriki mafaka idan ya nema, sannan a kai shi inda zai aminta. Ranar buɗe Makka, Manzon Allah (SAW) ya tabbatar da kariyar da Ummu Hani ta bayar, wanda ya nuna cewa alkawarin mace guda yana hawa kan al'umma baki ɗaya. Tun kafin nan, wajajen shekarar 615, sahabbai sun yi hijira zuwa Habasha. Da Ƙuraishawa suka aiko Amru bin Asi da kyaututtuka domin a miƙa su, Najjashi ya ƙi yanke hukunci sai da ya saurari Ja'afaru bin Abi Ɗalib, daga nan ya ƙi mayar da su. Ƙa'idoji biyu ne suka fito a nan: a saurari mai neman mafaka, kuma kada a mayar da shi inda za a cutar da shi. Ta biyun ita ce ginshiƙin sashe na 33 na Yarjejeniyar Janiba ta 1951 kan 'yan gudun hijira, ita ce kuma Yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 ta ƙara ƙarfafawa.

Waɗannan ƙa'idoji ne aka keta a maƙwabtanmu. A Satumban 2017, ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa sojojin Kamaru sun tilasta wa 'yan Nijeriya kimanin 100,000 komawa gida tun daga 2015. A Janairun 2019, Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta koka kan yadda Kamaru ta mayar da kusan mutum 9,000 da suka tsere daga garin Rann. A arewacin Nijar kuma, Aljeriya ta shafe shekaru tana jibge baƙin haure a cikin sahara, su taka kusan kilomita 15 da ƙafa kafin su isa Assamaka. Da yawa daga cikinsu Musulmi ne, masu korar su ma haka. Wannan ya isa ya zama batun huɗuba da fatawa da takardar koke.

Abin da ya faru a Amurka ya nuna tasirin da murya irin wannan take da shi. A Maris ɗin 1982, wata majami'a a birnin Tucson ƙarƙashin Fasto John Fife ta shelanta ba da mafaka ga masu gudun yaƙi daga El Salvador da Guatemala, waɗanda gwamnati ke ƙin karɓar buƙatunsu. An gurfanar da jagororin tafiyar, aka sami Fife da wasu da laifi a 1986. Duk da haka majami'u sun kai gwamnati ƙara, kuma sulhun da aka cimma a 1991 ya tilasta sake duba buƙatun mutane masu ɗimbin yawa. Ɗakin kwana ya ceci ɗaruruwa, shari'ar kuwa ta sauya makomar dubbai.

Masu suka za su ce mayaƙa suna sajewa da 'yan gudun hijira, don haka tsaro ne kan gaba. Damuwar tana da tushe, domin an kai hare-haren ƙunar baƙin wake a garuruwan Arewa Mai Nisa ta Kamaru. Amma Yarjejeniyar 1951 kanta ta cire masu manyan laifuka daga kariya. Abin da take buƙata shi ne a tantance mutum ɗaya-ɗaya, kamar yadda Najjashi ya saurara kafin ya yanke hukunci. Kora ta jam'i tana ɗora wa tsohuwa da jariri laifin mai bindiga, kuma babu addinin da ya yarda da haka.

Jama'atu Nasril Islam, da Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya, da Izala, da ɗariƙun Tijjaniyya da Ƙadiriyya suna da abin da ƙungiyoyin agaji na waje ba su da shi: amincewar jama'a, kuma da yawansu suna da mabiya a Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi. Ya kamata su kafa kwamitocin lauyoyi da malamai masu bin diddigin korar dole, su tsaya kan cewa komawa gida sai da yardar mai komawa, su nema wa 'ya'yan da aka haifa a sansani takardar haihuwa da gurbin makaranta, su kuma ware rabon matafiyi da ke cikin zakka domin wannan aiki. Shugaban addinin da ya raba buhun hatsi ya sauke wani ɓangare na nauyinsa. Ragowar yana jiran sa a ofishin gwamna, a majalisa da kuma gaban alƙali.