Makamashi da muhalli: Darasin da ke cikin murhun karkarar Kano

A ƙauyukan Gezawa da Minjibir da Ɗambatta da Bichi, a arewacin Jihar Kano, galibin gidaje da itace da kara suke dafa abinci. A makarantun sakandaren yankin kuwa, ɗalibai na karanta darasin makamashi a fannin kimiyyar fiziks, da Turanci, domin jarrabawar WAEC da NECO. Abubuwan nan biyu magana ɗaya ce, ko da yake ba kasafai ake haɗa su a aji ba.

Mene ne makamashi?

A wurin masana fiziks, makamashi shi ne ƙarfin da ke sa a iya yin aiki ko a samar da zafi. Ana auna shi da ma'aunin da ake kira jul, sunan da aka samo daga James Joule, masanin Ingila wanda a shekarun 1840 ya nuna cewa motsi na komawa zafi.

Babbar ƙa'idar ita ce ba a ƙirƙirar makamashi, ba a kuma hallaka shi, sai dai ya sauya kama. Bishiya na tara hasken rana a jikinta ta hanyar ganye. Idan aka ƙona itacen, abin da aka tara sai ya fito a matsayin zafi da haske.

Lissafin murhu

Kilo ɗaya na busasshen itace na ɗauke da kimanin kilojul 15,000. Ɗaga zafin lita ɗaya ta ruwa daga digiri 25 zuwa 100 na bukatar kimanin kilojul 315. Ke nan da a ce duk zafin na shiga tukunya, da kilo ɗaya ya tafasa lita fiye da 45.

Amma a murhun gargajiya mai duwatsu uku, kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ne kawai ke isa ga tukunya, wato abin da zai tafasa lita biyar zuwa bakwai. Sauran na bin iska, ko ya shige ƙasa da duwatsu, ko ya watsu ta gefe. Waɗannan su ne hanyoyi uku na tafiyar zafi da ke cikin littafin makaranta.

Ɗanyen itace ya fi ɓarna, domin kowane kilo na ruwan da ke cikinsa sai ya ci kimanin kilojul 2,260 kafin ya zama tururi. Shi ya sa rufe tukunya, da busar da itace, da kewaye murhu da laka don tare iska ke rage yawan itacen da ake ƙonawa.

Gawayi ya fi itace zafi kusan ninki biyu, sai dai ana ƙona kilo biyar ko fiye na itace kafin a sami kilo ɗaya nasa ta hanyar gargajiya.

Ƙasa mai cunkoso

Karkarar da ke kewaye da birnin Kano na cikin yankunan noma mafiya cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Ana noma kusan kowace gona duk shekara ba hutu, kuma dajin da ya rage kaɗan ne.

Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya fara nazarin yankin a shekarun 1960. Daga baya shi da wasu masana na Jami'ar Bayero suka binciki cinikin itacen girki, inda Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta wallafa sakamakon a 1990.

Binciken ya saɓa wa abin da da yawa ke zato. An gano cewa manoman kusa da birni ba su ƙarar da bishiyoyinsu ba, domin kowace ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo da ke gona na da mai ita, kuma sassabe rassa ake yi maimakon sare ta daga tushe. Yawancin itacen da birni ke ci daga dazuzzuka masu nisa motoci ke kawo shi. Wato ɓarnar na faruwa ne a inda bishiya ba ta kowa ba ce.

Abin da wuta ke ci

Duk da haka, gida na biyan farashi. Karan dawa da na gero da ake hura wuta da shi, shi ne kuma abincin dabbobi da kayan danga. Idan aka ƙona shi, ko aka ƙona kashin shanu, gona ta yi asarar taki. Toka na mayar da wasu sinadarai, amma sinadarin naitrojin ya riga ya tafi da hayaƙi.

Hayaƙin kansa alama ce ta makamashin da bai ƙone sarai ba, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a duniya a 2020.

Ƙona itace na fitar da iskar kabon dayoksaid mai ɗumama yanayi. Idan wata bishiya ta tsiro a madadin wadda aka sare, za ta sake shanye iskar. Idan ba ta tsiro ba, iskar ta zauna a sararin samaniya, ƙasa kuma ta buɗe ga iska da zaizaya.

Bayan cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, tsadar kananzir da gas ta mayar da gidaje da dama kan itace da gawayi.

Makaranta da mafita

Jihar Kano ta daɗe da ba koyar da kimiyya muhimmanci. A 1977 ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya a Dawakin Tofa da Dawakin Kudu. Sai dai makarantun ƙauye da yawa na fama da ƙarancin malaman fiziks da kayan gwaji.

Gwajin murhu ba ya bukatar ɗakin gwaje-gwaje: sikeli, da ma'aunin zafi, da tukunya, da ruwa sun isa ɗalibi ya auna itacen da murhu biyu suka ci, ya kwatanta.

Rana ma abin auna ce. Kowace murabba'in mita a yankin na samun kimanin kilowat-awa biyar zuwa shida na haskenta a yini, kuma da shi ake tafiyar da famfunan rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka. Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta ƙera ingantattun murhu da na'urorin busar da amfanin gona da hasken rana.

Kano na cikin jihohi 11 na Najeriya da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, ya shafa. A Maraɗi da Damagaram a Nijar kuwa, manoma sun farfaɗo da bishiyoyi a kan kimanin hekta miliyan biyar tun daga shekarun 1980, ta hanyar rainon tohon da ke fitowa daga kututture a gonakinsu.