Daga filin kokowar Tawa zuwa gasar eFootball: tarihin tallar wasa da gwanaye



Duk mai zama fada a ƴan shekarun nan ya san yadda abin yake. Shayi na bisa gawayi, samari huɗu ko biyar sun duƙufa kan salula guda, suna kallon wani gwani yana buga eFootball ko Free Fire kai tsaye a TikTok ko YouTube. Dattawa na cewa baƙon abu ne ya shigo muna. Wasan kam baƙo ne, amma dabarar da anka tallata shi da ita mun san ta tun shekara hamsin baya, kuma nan jihar Tawa anka fara gwada ta.

A watan Afrilu na 1974 Seyni Kountché ya karɓi mulki, ƙasa na fitowa daga fari da yunwa. Kokowa a lokacin abin kaka ce. In an gama girbin hatsi, wannan gari ya gayyaci wancan, makaɗa su yi ta kiɗi, a kwana ana kaye, kuma labarin bai cika wuce kasuwa biyu ko uku ba. Gwamnatin soja, wadda ke son haɗa kan samari ta hanyar samariya, sai ta ɗauki wanga tsohon wasa ta yi mashi sabuwar riga. A 1975 anka tara zaratan kowace jiha a birnin Tawa don gasar ƙasa ta farko, Kantu na Maraɗi ya zama sarkin fili.

Ba a canza kokowar ba. An dai zaɓo waɗanda sunansu ya riga ya fita, an haɗa su fili guda, an sa abin da za a ci, sannan an kai labarin kunnen wanda bai zo ba. Aikin da intanet ke yi yau, rediyon Muryar Sahel ne ya yi shi. Manomin albasa a Galmi ko ɗan tireda a Badagishiri bai taɓa ganin Salma Ɗan Rani ko Kadade da ido ba, amma ya san kamunsu, ya san wanda yake goyon baya, har a yi gardama a kai ranar Laraba a kasuwar Ƙwanni. Mawaƙa irin su Sagalo sunka ƙara wa abin armashi, kamar yadda Ɗan Anace ya ɗaukaka Shago a fagen dambe can ƙasar Sakkwato. Daga baya talabijin ta shigo, kamfanonin sadarwa sunka maƙala allunansu a gefen fili, gasar ta zama ta jihohi takwas da ƴan kokowa tamanin. Ko yaron da bai san sunan gwamnan jiharsu ba, ya san Isaka Isaka na Doso ya ɗauki takobi sau shida.

To, haka kamfanonin wasan bidiyo ke yi in wasansu ya tsufa ko jama'a sun gaji da shi. Maimakon su ce maka "wasanmu na da daɗi", sai su biya gwanayen da ke da dubban mabiya su buga shi a gaban kowa, ko su shirya masu gasa da kyauta mai tsoka. A 2019 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa kamfanin EA ya biya wani ɗan Amurka mai laƙabin Ninja kusan dala miliyan guda don ya buga Apex Legends ranar fitowarsa. Cikin wata guda wasan ya samu mutum miliyan 50. A watan Nuwamba na 2023 masu Fortnite sunka maido da tsohuwar taswirar wasan, tsoffin gwanaye sunka dawo suna watsawa kai tsaye, kamfanin ya ce mutum sama da miliyan 44 sun buga a yini ɗaya.

Amma labarin da ya fi shafarmu shi ne na PES. Wa bai san PES ba a gidajen wasan Play, inda ake biyan ƴan daloli a buga minti goma, in kuran ya ɗauke a tada gurup? A 2021 kamfanin Konami na Japan ya ce ya soke sunan, wasan ya koma eFootball, kuma kyauta ne. Ya fito ranar 30 ga Satumba. Wallahi abin dariya ya zama: fuskokin ƴan wasa a murguɗe, gudu kamar na mai ciwon baya, ba kuma Master League da mutane sunka saba da ita. Su waɗannan gwanayen da ake dogaro da su wajen talla, su ne sunka fi kowa yaɗa hotunan abin kunyar, har kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Sai a Afrilun 2022 ya fitar da gyararren wasan. Daga nan ne gasanni sunka fara yi mashi rana, musamman a salula, har ta kai FIFA, bayan ta rabu da EA, ta yi gasar cin kofin duniya da eFootball a Riyad a Disambar 2024. Ko a filin kokowa haka ne: kiɗi na tara jama'a, amma in ƴan kokowar ragwaye ne, tun kafin la'asar fili ke watsewa.

Akwai wuri guda da kamannin ke ƙarewa, kuma shi ya sa na rubuta wanga bayani. Kokowa ba ta da mai ita. Ko gwamnati ta fasa gasar takobi wata shekara, samarin Tsernawa ko Dogerawa na iya share fili bayan girbi su kira makaɗi. Wasan bidiyo kuwa na kamfani ne. A watan Yunin 2022, masu PES 2021 a salula sun wayi gari wasan ya rikiɗe ya koma eFootball, ba wanda ya tambaye su. Mai wasan na iya canza doka, ya tsawwala kuɗin sayen ƴan wasa, ko ya rufe baki ɗaya.

Saboda haka in samarinmu sun shirya gasa a unguwa, kowa ya zuba jaka guda, an ɗauka an watsa a Facebook, ni ban ga laifi ba, ya fi zaman banza da shaye-shaye. Sai dai a lissafa da kyau. Kuɗin shiga namu ne, kuɗin haɗin intanet namu ne, kyautar ma daga aljihunmu ta fito, tallar kuma ta tafi ga kamfanin da bai san inda Malbaza take ba. Masu shiryawa su nemi ƴan kasuwar gari su ɗauki nauyin kyautar a ambaci shagunansu, yadda ake yi a filin kokowa, kuma su yi hattara da kamfanonin caca da ke son liƙa sunansu ga irin waɗannan gasanni, don yawancin masu kallon ba su kai shekara sha takwas ba.