Lamunin Maigida da Takardar Garanti

Tun daga lokacin da aka gano kwal a tsaunukan Udi cikin 1909, aka kuma shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Fatakwal zuwa Inugu har ta kammalu a 1916, sa'an nan gadar Makurɗi ta haɗa gaɓa biyu na Binuwai a 1932, fataken Arewa, waɗanda a dā sukan kora shanu a ƙafa wata da watanni kafin su isa ƙasar Ibo, suka sami hanyar da ta rage musu wahala, suka yi ta sauka a garuruwan Gabas suna kafa zango. Anacha ita ce ta riga sauran, domin tun kafin jirgin ƙasa ruwan Kwara yana kawo mata Nufawa da Hausawa, kuma har yau sunan titin Bida, inda babban masallacin garin yake, yana shaida wannan tsohuwar alaƙa. A Inugu kuwa zaman ya yi ƙarfi har Malam Umaru Altine, wanda fataucin shanu ya kawo shi daga lardin Sakkwato, ya zama magajin garin na farko a shekarun 1950.

Abin da ya riƙe wannan ciniki mai nisan zango shi ne lamuni. Falke yakan iso da garkensa garin da bai san harshensa ba, ya sauka gidan maigida, wanda waɗansu ke kira fatoma, a ba shi ɗaki da tuwo ba tare da an tambaye shi ko anini ba. Washegari dillalan maigidan su kai shanun kara, su haɗa shi da mahauta, waɗanda galibinsu ba su da kuɗi a hannu sai sun yanka sun sayar. To, a nan ne mutum na uku yake shigowa tsakanin mai saye da mai sayarwa: maigida ya ce wa baƙonsa, "Ba shi, na tsaya masa." Idan wa'adi ya cika mahauci ya gudu ko ya karye, babu wata jayayya, maigida ne zai zaro kuɗin daga aljihunsa. Wani masani, Abner Cohen, ya rubuta yadda wannan tsari yake a Sabon Ibadan cikin littafinsa na 1969, kuma abin da ya gani a can shi ne ainihin abin da dattawan zangon Gabas suka tashi a ciki.

Ba don maigida waliyyi ne yake biya ba, kada mai karatu ya zaci haka. Yana biya ne domin gidansa na nan a tsaye inda kowa ya sani, iyalinsa na ciki, sallarsa a masallacin unguwa, kuma ran da ya ci amanar falke ɗaya, labari zai riga jirgi isa Kano da Nguru, baƙi su kwashe buzunsu su koma gidan abokin hamayyarsa. Arzikinsa duka sunansa ne. Malamanmu na mazhabar Malikiyya, waɗanda suka karanta babin damana, wato lamuni, a littattafan Risala da Muhtasar, sun kuma kafa wani sharaɗi mai hikima, cewa ba ya halatta mutum ya karɓi lada a kan lamunin bashi, domin lamuni aikin alheri ne, ba haja ba. Abin da ake ci shi ne la'adar dillanci. Haka kuma suka tabbatar wa mai saye haƙƙin mayar da kaya idan ya ga tsohon aibin da aka ɓoye masa, suka hana cinikin garari, wato wanda mutum zai ba da kuɗi a kan abin da bai san ko zai samu ba.

Sai ƙarfe ya shigo. Bayan tarzomar 1966 da yaƙin basasa da ya ƙare a 1970, Hausawa suka koma zangunansu sannu a hankali, suka tarar zamani ya juya zuwa mota: shanu sun bar jirgi sun hau tirela, aka buɗe kamfanin ANAMMCO mai haɗa manyan motocin Mercedes a Emene kusa da Inugu a 1980, Nnewi ta zama uwar kayan gyaran babur, kasuwar Nkpor da ke gefen Anacha ta cika da kayan mota, sabo da na gwanjo. Da tattalin arziki ya tsuke daga tsakiyar shekarun 1980, sabuwar mota ta gagari talaka, aka koma ga waɗanda Turawa suka gama mora, da kuma babura masu araha na Sin da Indiya, irin su Jincheng da Bajaj. Dubban samarin Arewa suka gangaro yin acaɓa a manyan garuruwan Gabas, har gwamnatoci suka hana sana'ar ɗaya bayan ɗaya, Fatakwal a farkon 2009, Inugu a 2012, Anacha a 2018, aka koma ga keke mai ƙafa uku.

Saniya dai ba ta iya ɓoye shekarunta ga wanda ya buɗe bakinta ya dubi haƙora, amma inji yana da ciki, kuma cikinsa a rufe yake. Na taɓa raka wani yaro ɗan garinmu sayen tsohon babur a Inugu, muka tafi da makanikensa, wani dattijo mai ƙarancin magana. Kafin ya tayar da shi sai da ya ɗora bayan hannunsa a kan injin, don ya ji ko an riga an ɗumama shi kafin mu zo, domin injin da ya gaji da safe yake tona asirin kansa. Ya zare fulogi ya duba bakinsa, ya tsoma yatsa a baƙin mai ya murza, ya buga kik, ya tsuguna a bayan salansa yana kallon launin hayaƙi. Daga nan ya miƙe ya ce wa mai babur, "Zobe ya tafi, ka rage kuɗin zobe." Aka rage, aka ce albarka, aka sallama, dillali ya karɓi la'adarsa, shaidu biyu suka sa hannu. Garantin da yaron ya samu ke nan: idon dattijon, da sanin shagon da dillali yake zama.

A cikin wannan hali ne wata sabuwar haja take neman kutsowa daga ƙasashen Turawa, wadda ya kamata a fayyace ta, domin sunanta yana ruɗi. Garanti na asali alkawarin wanda ya ƙera abin hawa ne, yana cikin kuɗin saye, na wani ƙayyadadden lokaci. Wannan kuwa takarda ce da wani kamfani dabam, wanda bai ƙera ba, bai kuma sayar ba, yake karɓar kuɗinka a yau bisa alkawarin zai biya gyara idan injin ya lalace bayan garantin asali ya ƙare. A zahiri ya yi kama da maigida, tun da shi ma na uku ne da ya tsaya. A haƙiƙa kuwa kishiyarsa ne, domin maigida yana cin riba ne idan ya cika alkawari, shi kuwa wannan ribarsa tana ƙaruwa da kowane gyaran da ya ƙi biya. Saboda haka sharuɗɗan sukan zo da ƙananan baƙaƙe: ban da abin da ya cinye don tsufa, ban da aibin da ya riga takarda, ban da abin hawan haya, ban da wanda bai ajiye rasiɗin kowane juyen mai ba, ban da wanda ya bari makaniken bakin titi ya kwance inji kafin a ba da izini. Wane ɗan keke ne a unguwar Diyobu ta Fatakwal yake da rasiɗin juyen mai? Sharaɗin haya shi kaɗai ya isa ya fitar da mafi yawan mutanenmu.

Ko a Amurka, inda aka yi dokar garanti tun 1975, abin bai tsira ba. Wani kamfani mai suna US Fidelis a jihar Misuri, wanda ya sayar wa ɗimbin masu mota irin wannan takarda ta wasiƙa da tarho, ya durƙushe a 2010, 'yan'uwa biyu da suka mallake shi suka ƙare a kurkuku, masu takardu kuwa suka shiga layin masu bin bashi. In haka ta faru a inda alƙali yake kusa, sai a auna yadda za ta kasance ga baƙo a Anacha wanda kamfaninsa lambar waya ce kawai.

Ban ce kowace takarda zamba ce ba, kuma Nijeriya tana da hukumar NAICOM mai kula da inshora, wadda ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, da hukumar FCCPC mai karɓar koken masu saye. Amma wanda aka miƙa wa irin wannan takarda a wurin sayen mota ko babur, kafin ya zaro ko sisi, ya kai ta ga mai karatu ya karanta masa ita duka, ya tambayi sunan wanda zai biya da inda ofishinsa yake, ya je da ƙafarsa ya gani, ya nemi mutum ɗaya tak da aka taɓa biya. In ba a nuna masa ba, ya riƙe kuɗinsa ya ajiye wa makanike.